Guraben Aikin Nakasassu: Ina Hamsin Ɗin Batsari, Ina Hamsin Ɗin Safana?

Yau lissafi za mu yi, don haka kowa ya matso da alƙalaminsa.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ga aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu nakasassu ne. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. A takarda dai an gama komai.

To mu sauko ƙasa. A Janairun 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ayyuka 774,000 a ƙarƙashin hukumar NDE: mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata, har wata uku. Wato kason Batsari naira miliyan 60, na Safana ma miliyan 60. Da an auna shirin da mudun waccan doka, da nakasassu 50 sun samu gurbi a Batsari, 50 a Safana. Muna tambaya da babbar murya: su waye? A liƙa sunayensu a sakatariya, kowa da mazaɓarsa. Wanda ya yi rabo da gaskiya ba ya tsoron allon sanarwa.

Ko da an ba su guraben ma, a dubi irin aikin: yashe kwata, sharar kasuwa, cike ramukan hanya. Wanda ya tsara wannan bai tuna da makaho ba, bai tuna da wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu ba. Abu biyu ke jiran irin wannan bawan Allah: ko a tsallake sunansa, ko a ce ya zauna a gida a turo masa kuɗin. Na farko zalunci ne, na biyu sadaka ce aka ɗaura wa rawanin aiki. Kuma ba mu manta ba, rigimar da ta tashi a 2020 tsakanin ƙaramin ministan ƙwadago Festus Keyamo da 'yan Majalisar Tarayya a kan wanda zai zaɓi mutanen ce. Inda manya ke kokawar gurbi, wa zai ji muryar gurgun Wagini?

Haka N-Power, wanda aka fara a 2016 aka dakatar a Oktoban 2023. Naira 30,000 da ake biya ta masu takardar babbar makaranta ce, rajista kuwa ta intanet, sai da lambar BVN. Makarantar kurame tana Malumfashi, ta makafi tana cikin birnin Katsina. Yaro nawa ne daga Runka ko Zakka ko Ruma iyayensa ke da halin kai shi can, balle ya wuce ya samo difloma? Sannan a Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, sai a Disamba aka fara maido da su. Mai ƙafa ya bi mota ya je inda ake samun sabis ya duba saƙonsa. Mai rarrafe fa?

Akwai kuma abin da masu tsara shiri daga Abuja ba sa sakawa a lissafi. A bakin Dajin Rugu nakasa ba ta tsaya ga ta haihuwa da ta ciwo ba. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, duniya ta ji adadin. Waɗanda harsashi ya bari da rai a hare-hare irin wannan, ya raba su da hannu ko ƙafa, su ne ba a ƙirgawa. Manomin rogo da ya wayi gari da ƙafa ɗaya yana da iyali, yana da gona, ya san sana'arsa sarai. Bukatarsa ƙafar roba ce da jarin da zai sa a yi masa noma. Idan aka miƙa masa keken ɗinki a gaban kyamara, kafin sati ya zagayo keken yana kasuwa, shi kuma a ce ba shi da godiya.

Mun san abin da za a ce. Za a ce tsaro ya cinye kuɗi, kuma da babu gara ba daɗi. Mun yarda naira 60,000 ta taɓa cika wa wani tukunya. Amma shirin da aka kira na samar da aiki, da aiki ake auna shi. Tambaya uku kacal: mutum nawa ne har yau suke kan sana'ar bayan shekara guda? Nawa suke samu a wata? Nawa ne suka daina fita bara? Duk rahoton da bai amsa waɗannan ba lissafin kayan da aka raba ne kawai.

Gyaran ba ya buƙatar ƙwararre daga Turai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kusan kowane babban gari yana da sarkin makafi da sarkin guragu, sun san mutanensu gida-gida. A zauna da su kafin a sayo kaya. A duba Kano, inda waɗanda shan-inna ta nakasa suka haɗa ƙungiya suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. Gwamna Dikko Raɗɗa ya shugabanci SMEDAN kafin ya hau mulki a 2023, ya kuma kafa hukumar KASEDA don ƙananan sana'o'i, saboda haka ya san bambancin jari da kyauta. Muna kira gare shi da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu: a ware gurabe, a bayyana sunaye, a koma bayan shekara a duba.

Saura mu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne masu rubuta "an gwangwaje nakasassu da kayan sana'a" mu ɗora hoto mu wuce. A labaranmu makaho kullum yana bakin masallaci da ƙoƙo, gurguntaka kuwa hukunci ce da muke yanke wa muguwar kishiya a babin ƙarshe. Mai karatun da ya tashi da wannan, gobe shi ne jami'in da zai ga nakasasshe a ofis ya laluba aljihu maimakon ya karɓi takardunsa.

Aikin wannan mako ke nan. Kowa ya nemi mutum ɗaya a garinsu da aka taɓa ba irin wannan tallafi, ya nemi izininsa, ya yi masa tambayoyin nan uku, ya rubuto mana abin da ya ji ba ƙari ba ragi, ba tare da sunansa ba. 'Yan uwanmu na Batsari da Safana, ku muke fara saurare.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.