Gyaran Banki A Legas, Sa A Tsaye A Kasuwar Ɗambatta

A watan Oktoban 2024 manyan bankuna biyu suka sauya uwar manhajar da ke riƙe da lissafin kowane mai ajiya. GTBank ya bar Basis ya koma Finacle ta kamfanin Infosys na Indiya, Zenith kuma ya bar Phoenix ya koma Flexcube ta Oracle. Kafin su da 'yan makonni Sterling ya koma SeaBaaS, wadda aka ƙera a nan gida Najeriya. An roƙi jama'a su yi haƙurin 'yan kwanaki, sai kwanakin suka zama makonni.

A Legas aka yi aikin, amma duk wanda ya san kasuwar Ɗambatta ta ranar Lahadi ya san inda irin wannan raɗaɗi yake sauka. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, cinikin dabbobi da hatsi ya jingina da taransifa da masu POS. An yi ciniki, an ce albarka, an sallama. Mai saye ya nuna waya, kuɗi sun fita daga asusunsa. Mai sa ya duba tasa, shiru. Ga igiya a hannun dillali, ga la'asar ta yi, ga motar fatake za ta tashi. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma an fara kallon juna.

Me ya sa gyara a wuri guda yake tsayar da komai? Amsar tana cikin yadda aka yi ginin. Tsofaffin manhajojin manyan kamfanoni dunƙule ake gina su: ajiya, bashi, kati, taransifa da saƙon waya duk a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin azara ɗaya. In ka taɓa azarar, kowa sai ya fita waje. Ɗaya tsarin kuwa, wanda masana suke kira gini sassa-sassa, ya fi kama da gidan gandu. Kowane magidanci da sashensa, rumbuna a ware, zaure ne kaɗai ya haɗa su. Katangar sashe guda ta faɗi da damina, a gyara ta ba tare da an hana sauran gidan tuwon dare ba. A manhaja, zauren nan shi ne ƙa'idar da aka amince kowane sashe zai bi in zai yi magana da ɗan'uwansa. Muddin ba a taɓa ta ba, ana iya rushe sashen kati a sake shi, sashen ajiya bai ma sani ba. Amazon ta bi wannan hanya tun farkon shekarun 2000, ta yanyanka manhajarta zuwa ƙananan sassa, kowane da 'yan tsirarun ma'aikata masu kula da shi.

Kada dai mai karatu ya ɗauka na kawo maganin kowace cuta. Gida mai sassa da yawa ƙofofinsa ma da yawa, kuma a bakin ƙofa ake yin ɓatan kai. Taransifa ɗaya tana bi ta bankin mai aikawa, ta ratsa NIBSS, sannan ta isa bankin mai karɓa. Ko'ina a tsakani tana iya maƙalewa, kowa ya ce ba a wurinsa ba ne.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda bankuna suka zaɓi abin da za su miƙa wa na'ura ta yi da kanta. Cire kuɗin saƙo, cire kuɗin kula da kati, cire naira 50 ta haraji, waɗannan na'ura ba ta taɓa makara a kansu, ko da tsakar daren sallah ne. Mayar da kuɗin da suka maƙale kuwa, sau da yawa sai ɗan Adam ya tashi takanas ya cika takarda. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a warware matsalar cinikin POS da ya gaza cikin sa'o'i 72. Manomin da bankinsa ba shi da reshe a garinsu, kuɗin motar zuwa Kano da wunin da ya rasa a gona ba su cikin wannan lissafi.

Ingila ta ga irin wannan a 2018, lokacin da bankin TSB ya yi nasa ƙauran manhaja, jama'a suka kasa kaiwa ga asusunsu. A Disamban 2022 hukumomin can suka ci shi tarar fam miliyan 48.65. Mu ma ya kamata duk bankin da zai yi ƙaura ya fara nuna wa Babban Banki yadda zai kwashe masu ajiya rukuni-rukuni, da yadda zai koma tsohon gida in sabon ya ƙi. A kuma dubi lokaci. Ga ma'aikacin da ke Victoria Island, Oktoba wata ne kamar kowane. A Ɗambatta kuwa kaka ce, lokacin da ake fitar da gero da gyaɗa, ake biyan bashin taki, ake sa ranar bukukuwa.