Ko Ba Ka Yi Boko Ba, Zauna Ya Karanta Maka

"Ni ban yi boko ba, me zan iya yi masa?" Amsar da za ka fi ji ke nan daga bakin mahaifi a Coal Camp ta Inugu in ka tambaye shi yadda ɗansa yake yi a firamare. Mutumin yana son karatun. Ya biya kuɗin makaranta, ya ɗinka yunifom, ya sayi jaka da takalmi, sauran kuma ya bar wa Allah da malamai. Ranar da aka ba da hutu yaro ya kawo sakamako, tambayar ɗaya ce: "Na nawa ka zo?" In na biyar ne a ce madalla, in na talatin ne a yi faɗa, sannan a ninke takardar a jefa akwati. Haka abin yake a unguwannin Hausawa na Anacha da Fatakwal.

Mu kuwa ba baƙin jiya ba ne a Inugu. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka fara haƙa a 1915, jirgin ƙasa ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, Coal Camp kuma ta tashi a matsayin mazaunin leburorin ma'adinin. Fatake da 'yan shanu suka biyo baya, har ta kai Malam Umaru Altine, mutumin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yau akwai gidajen da a nan aka haifi uba, a nan aka haifi ɗa. Yaron irin wannan gida da Hausa yake tashi, da Ibo da buroka yake wasa a layi, da Turanci ake masa darasi, da yamma kuma ya ɗauki jaka ya tafi Islamiyya. Harsuna sun yi masa yawa a kunne, amma sau da yawa babu wanda ya yi zurfi a cikinsa.

Tsakanin gidan da makarantar kuwa babu wata hanya sai takarda. Malama ta rubuta da Turanci cewa akwai taron iyaye ranar Alhamis, ta ba yaro, ya cusa a ƙasan jaka. Bayan mako guda uwa ta zo wanke jakar ta tarar da ita ta jiƙe da man abinci. Ta ajiye wa maigida, shi kuma sai ƙarfe goma na dare yake dawowa daga kasuwar Ogbete ko daga teburin shayinsa. A makaranta an riga an yanke hukunci: Hausawa ba sa zuwa taro, ba su damu ba. A gida ma an yanke: ba sa gaya mana komai sai in kuɗi suke nema.

An taɓa samun irin wannan tazara a Ingila, kuma abin da aka yi a kai ya isa a zauna a duba. Wasu masu bincike biyu, Jenny Hewison da Jack Tizard, sun bi gidajen ma'aikata a Dagenham, gabashin Landan, suna neman abin da ya bambanta yaran da suka iya karatu da waɗanda suka kasa. A sakamakon da suka fitar a 1980, abin da ya fi tafiya tare da iya karatun yaro shi ne ko uwarsa takan zauna ta saurare shi yana karantawa. Sai aka ce to a gwada a gani, ko sauraron ne da kansa yake aikin. Aka zaɓi makarantun firamare 6 a Haringey, yankin talakawa a arewacin Landan da ke cike da 'yan ci-rani daga ƙasashe dabam-dabam. A wasu azuzuwa aka riƙa ba yara 'yan shekara 6 zuwa 8 littafi su tafi da shi gida, su karanta wa iyayensu sau biyu zuwa huɗu a mako. A wasu kuma aka kawo ƙwararren malami na musamman yana yi wa yara ƙarin darasin karatu a ƙananan rukuni. Sauran aka bar su yadda suke. Aka yi shekara biyu a haka.

Da sakamako ya fito a 1982, yaran da suka riƙa karanta wa iyayensu sun wuce takwarorinsu a fili, waɗanda aka ba ƙarin malami kuwa ba a ga irin wannan ci gaba a wurinsu ba. Abin da ya fi shafarmu shi ne, cikin iyayen akwai waɗanda ba sa jin Turanci sosai, akwai waɗanda ba su iya karatu ba sam, kuma hakan bai hana su shiga ba, bai hana 'ya'yansu amfana ba. Kusan duk iyayen da aka tuntuɓa sun amsa, a unguwar da a da ake cewa iyayenta ba su damu ba. Da Hewison ta koma ta duba yaran bayan shekara uku, ta tarar har lokacin suna gaba.

Ba ko'ina abin ya yi haka ba. An yi irinsa a makarantar Belfield da ke Rochdale, kuma a rahoton Peter Hannon na 1987 ƙarin da aka samu a jarrabawar karatu kaɗan ne. Ɗaya daga cikin bambance-bambancen da aka lura da su shi ne, a Haringey akwai mutanen da aikinsu ke nan su riƙa shiga gidaje, su zauna, su ga yadda ake sauraron yaro, su ba da shawara. Tura littafi gida shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an sami mai zirga-zirga tsakanin aji da tsakar gida. A ganina wannan ne rabin darasin da ya fi wuya, kuma shi ne rabin da muke da kayan aikinsa.

Sauraron karatun yaro ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Uwa tana tuƙa tuwo, 'yarta na gefe tana biya haddar da za ta kai wa malam gobe, uwar ba ta jin Larabci amma kunnenta na kan yarinyar. Gaskiya ne ita ta san surar, shafin Turanci kuwa ba ta san shi ba. Duk da haka tana gane inda murya ta tsaya, tana gane inda aka yi tsalle, kuma yarinyar ta san akwai wadda take jiranta ta kai ƙarshe. Abin da muka yi shi ne mun keɓe wannan zama ga karatu ɗaya, muka hana wa ɗayan. Mai zirga-zirgar ma muna da shi: malaman Islamiyya da suka yi sakandare ko kwalejin horon malamai, da matasanmu haifaffun Inugu da suke jin Hausa da Ibo da Turanci. Musamman mata a cikinsu, domin malami namiji baƙo ba ya wuce zaure, uwa kuma ita ce a gida lokacin da yaro ya dawo.

Sai dai yaro na iya furta shafi guda daidai bai san abin da ya faɗa ba. A nan ne mahaifin da bai yi boko ba yake da wata dama da ko malamar ajin ba ta da ita. In yaro ya gama, sai a ce masa: "To, gaya mini da Hausa, me labarin ya ce?" Nan take ake gane kalmar da ta tsaya masa, a sa mata alama ya tambayo gobe. Kuma yaron da ya san abu a harshensa, suna kawai yake buƙata a wani harshen. Ɗan mai albasa da ya ji uwar kuɗi da riba da faɗuwa da la'ada a bakin ubansa, ya ga yadda dillali yake cire nasa a kan kowane buhu, ba zai sha wuya ba ranar da aka zo lissafin ciniki a aji. Wanda ba a taɓa yi masa bayanin nan ba, abu biyu zai koya a lokaci guda, ma'ana da suna, a harshen da bai gama kamawa ba.

Abin damuwar shi ne Hausar da yaranmu na Kudu suke samu ta rame. Hausar aike ce: zo, kawo, kai, bari, tashi. A Amurka, Betty Hart da Todd Risley sun bi gidaje 42 a Kansas, suka fitar da littafi a 1995 suna ƙiyasta cewa kafin shiga makaranta ɗan masu hali ya ji kalmomi kusan miliyan 30 fiye da ɗan talaka. An soki wannan lissafi daga baya, musamman a 2018, saboda bai ƙirga maganar da yaro yake ji daga sauran mutanen gida ba, kuma duk wanda ya tashi a gidan yawa zai ga gaskiyar sukar. A 2018 ɗin dai wani bincike a jami'ar MIT kan yara 36 ya nuna abin da ya fi yawan kalmomi tasiri shi ne musayar magana, a ce wa yaro ya amsa, ya tambaya a ba shi amsa.

Wannan ya taɓo mu a wuri mai ciwo. Mun gaji kunyar ɗan fari, mun gaji cewa yaro ba ya sa baki a zancen manya. A Katsina ko Zariya al'adar ba ta barin giɓi, don akwai kaka da ke tsokanar jika, akwai goggo mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, akwai kacici-kacici a dandali. A ɗaki ɗaya na haya a Coal Camp babu ko ɗaya daga cikinsu. Kunyar ta biyo mu Kudu, kakannin sun tsaya a gida. Ko dai uba da uwa su ɗan sassauta su yi hira da 'ya'yansu, ko kuma in an kira gida a daina tsayar da yaro a kan gaisuwa kawai. A bar masa wayar minti goma, a ce, "Hajiya, ga mijinki nan, ki ba shi labarin yadda kuke sussukar gero."

Batun saƙon makaranta kuwa, an yi gwajinsa a San Francisco a zangon karatu na 2013 zuwa 2014. Benjamin York da Susanna Loeb na jami'ar Stanford suka riƙa tura wa iyayen yara 'yan shekara 4 gajeren saƙon waya sau uku a mako, da Turanci ko Sifaniyanci ko Sinanci, gwargwadon harshen gidan. Kowane saƙo abu ɗaya ƙarami yake ɗauke da shi, wanda za a iya yi lokacin wanka ko cin abinci. Yaran sun ƙaru da kimanin karatun wata biyu zuwa uku a wasu fannoni, iyayen kuma suka fi yi wa malamai tambaya. Da aka gwada saƙo biyar a mako a Dallas, iyaye da dama suka gaji suka fita.

Mu namu ba rubutu ba ne, murya ce. Mai suya da mai gadi da matar aure duk suna sauraron saƙon murya a WhatsApp, wanda ba shi da babbar waya kuma maƙwabcinsa yana da ita. Abin da ake buƙata shi ne Sarkin Hausawa da kwamitin masallaci su je wurin hedimasta da sunan mutum ɗaya ga kowace makarantar da yaranmu suke da yawa, a ce duk takardar da za ta fita a ba shi kwafi. Shi zai mayar da ita Hausa a minti ɗaya: ranar taro, ranar jarrabawa, da kalmomi biyar ɗin da ajin yake kai a makon, kowace da ma'anarta. Ta hanyarsa kuma iyaye za su sanar in za a tafi gida Sallah, don malama ta daina ganin yaro ya ɓace mako uku ba labari. Ɗan alawus ɗinsa bai fi ƙarfin asusun masallacin Juma'a ba.

Littattafai ma akwai su. An buga jerin Mu Karanta! don 'yan firamare a Bauchi da Sakkwato, shirin RANA ya yi nasa a Katsina da Zamfara, shafin African Storybook kuma yana da labaran yara da Hausa kyauta a intanet, wasu da Turancinsu. Motocin albasa da tumatir da shanu suna sauka Inugu da Anacha daga Arewa kowane mako, kuma kwali guda na littattafai ba zai hana direba wurin zama ba.