Filin Kwamfuta: Kwashe Lissafi Daga Jadawali Zuwa Manhajar Kuɗi

A wannan wata za mu yi magana a kan abin da ya kusa ɓata tsakaninmu da ƙanenmu mai jiran shago a nan Kumasi.

Shekara da shekaru muna rubuta shiga da fitar kuɗinmu a jadawalin Excel. Da lissafi ya yi yawa, sai muka kwashe shi zuwa GnuCash, manhajar lissafi ta kyauta wadda ta fito tun 1998. Da muka gama, sai muka tarar cinikin Afrilu ya ragu ƙwarai. Nan take zuciya ta fara raya mana mugun zato game da yaron. Ashe laifin namu ne.

Mu a Ghana rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa kuwa da wata suke farawa. Mun zaɓi tsarin Amurka ba da saninmu ba, sai 03/04 da muke nufin 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris. Ranakun da suka wuce 12 kuma manhajar ta ƙi su, tunda babu wata na 13, mu kuma muka ce ta tsallake su. Kuɗin suna nan, ba wanda ya taɓa ko kwabo.

Don kada ku faɗa ramin da muka faɗa, ga abin da za ku kiyaye.

Na farko, ku ajiye kwafin jadawalin da na littafin manhajar kafin ku taɓa komai.

Na biyu, kowane ciniki ya zauna a layi guda: rana, bayani, adadi. Ku cire layin jimla, in ba haka ba za a lissafa shi a matsayin wani cinikin. Kuɗin da suka fita ku sa musu alamar ragi, ko ku ware musu gidansu daban.

Na uku, ku adana jadawalin a tsarin CSV, wato rubutu zalla wanda waƙafi ke raba gidajensa. Ku zaɓi mai UTF-8 don kada ƙ, ɗ da ɓ na sunayen abokan ciniki su rikiɗe.

Na huɗu, masu hulɗa da Lome ko Abijan su lura. A tsarin Faransanci 12,50 daidai yake da 12.50 namu, don haka ba waƙafi ke raba gidajen jadawalinsu ba, waƙafi mai ɗigo ne. Kada kuma a cuɗa sefa da sidi a asusu ɗaya. Mai tsohon lissafi ya tuna cewa a Yulin 2007 sidi 10,000 na da ya koma sidi 1.

Na biyar, ku fara gwadawa da layi goma, ku duba su ɗaya bayan ɗaya. In kun shigar da sauran, ku gwada jimla da takardar banki ko ta kuɗin waya, ku tabbatar ba ciniki da ya shiga sau biyu.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Rubutun kuwa ba ya amfani sai an yi shi daidai. Mun roƙi ƙanenmu gafara, ya kuma yafe.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.