Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Kafintoci Masu Niyyar Sanya wa Injin Feren Katako Moto



Wannan wasiƙa ta shafi injin da ke fere katako har ya kai kaurin da ake so, wanda ake zura masa falanki ta gaba, wasu naɗe-naɗen ƙarfe su ja shi ƙarƙashin gangar da ke ɗauke da wuƙaƙe, ya fito ta baya sumul. A manyan injina na ƙarfen zubi irin na Wadkin na Ingila ko SCM na Italiya teburin ne ke hawa da sauka, a ƙanana kuwa irin su DeWalt DW735 kan injin ne ke motsi, amma duka biyun sun dogara ne da sanduna masu zare da kuma sitiyarin hannu da ake juyawa. A wancan ƙaramin injin, juyi ɗaya yana motsa kan da kashi ɗaya cikin 16 na inci, wato kusan milimita 1.6, don haka mai son tafiya daga ƙasa zuwa ƙarshen inci 6 sai ya murza kusan sau 96. Duk wanda ke yini yana sauya kauri, kamar masu aiki a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ba zai yi mamakin mai son ɗora wa moto wannan wahala ba, kuma burin nasa ba abin zargi ba ne.

Sai dai akwai abin da hannu ke yi wanda ba a cika lura da shi ba sai bayan an cire shi daga aikin. Hannun kafinta yana jin nauyin sitiyari: idan dusar katako ta cakuɗe da ƙaro ta toshe zare, ko an manta ba a kwance makullin teburi ba, ko teburin ya kai maƙura, hannu yakan tsaya tun kafin mai shi ya yi tunani. Moto ba ya jin komai, musamman wanda aka haɗa da giya mai rage gudu, domin raguwar gudu ƙarin ƙarfi ce, kuma wannan ƙarfin ya isa ya cinye zaren notin tagulla, ya tsinke sarƙar da ke haɗa sandunan, ko ya tura teburi cikin wuƙaƙen da ke juyi sau dubbai a minti ɗaya. Saboda haka ainihin aikin shi ne samar da abin da zai maye gurbin wannan ji, ɗaura moton kuwa shi ne ɓangare mafi sauƙi.

Makunnan iyaka su ne kariya ta farko, wato ƙananan makunnai da teburin ke taɓawa idan ya kusa ƙarshen tafiyarsa, sama da ƙasa, su yanke wuta. Ya kamata a haɗa su ta yadda lantarki ke ratsa su a kowane lokaci, domin idan waya ta tsinke moto ya tsaya maimakon ya ci gaba babu mai tsare shi, kuma a sanya na saman yadda teburi zai tsaya da 'yar rata tsakaninsa da wuƙaƙe. Bayan su sai wani wuri mai rauni da aka bari da gangan, ko dai bel da zai zame idan nauyi ya yi yawa, ko siririn fil da zai karye kafin giya ta karye, tare da fiyus daidai da ƙarfin moton. Maɓallin hawa da na sauka su kasance irin waɗanda ke aiki muddin yatsa na kansu, kuma a cire mariƙin da ke jikin sitiyari ko a sa mai naɗewa, tun da sitiyarin zai riƙa juyi da kansa, mariƙin kuma yana iya kama hannun riga.

Game da zaɓen moto, na waifar mota mai bolt 12 ko 24 yana da sauƙin samu, yana da giyarsa a ciki, kuma gudunsa na juyi kamar 40 zuwa 60 a minti ya dace da doguwar tafiya, ko da yake giyar tasa ba ta barin a juya shi daga waje, don haka sai an tanadi hanyar raba shi da sanda idan ana son komawa ga hannu ranar da babu wuta. Akwai kuma moto mai taku, wanda ke kasa juyi ɗaya zuwa taku 200, kuma shi ne ya fi ruɗar mutane.

Ruɗin yana cikin lissafi. Idan juyi ɗaya milimita 1.6 ne, taku ɗaya ya zama milimita 0.008, adadin da ke da daɗin gani a takarda, amma kwamfutar da ke ƙirga taku tana sanin abin da ta umarta ne kawai, ba ta san abin da teburi ya yi ba. Moton yakan tsallake taku idan nauyi ya fi ƙarfinsa, sannan tsakanin zaren sanda da noti akwai wasa, wato 'yar ratar da ke sa sanda ta ɗan juya a banza duk lokacin da aka sauya alkibla, kuma a tsohon inji wannan wasa kan ninka takun sau da yawa. Maganin farko shi ne a kafa ma'aunin lantarki a jikin teburin kansa, ya riƙa nuna inda yake a zahiri. Na biyu tsohuwar al'ada ce ta masu sana'ar: a sauke teburi ya wuce inda ake so, sannan a ɗaga shi zuwa kaurin, domin a kullum a iso ta ɓangare ɗaya. Sauƙin danna maɓalli kuma bai ƙara wa wuƙaƙe ƙarfi ba. Itace mai tauri kamar maɗaci har yanzu yana buƙatar a ci shi kaɗan-kaɗan.

Kafin a sayi komai, a kashe wuta, a wanke sanduna, a duba sarƙa da boris, a tabbatar teburi yana daidai da gangar wuƙaƙe dama da hagu ta hanyar fere falanki mai faɗi a auna gefensa biyu. Sau da yawa sitiyarin da ke gajiyar da kafaɗa datti ne ya riƙe shi, kuma giris mai kauri yana tara dusa, shi ya sa man shafawa busasshe ya fi dacewa da zaren da ke buɗe. Haɗin wutar kuwa a bar wa ƙwararren ma'aikacin lantarki, a rufe kayan cikin akwatin da ƙura ba ta shiga, kuma a haɗa su da babban makunnin gaggawa na injin, yadda dannawa ɗaya za ta tsayar da wuƙaƙe da teburi tare.