Sharhi: Tattalin arzikin duniya ya farfaɗo, amma biyan bashi ya ƙara wuya

A shekarar 2020 annobar korona ta sa tattalin arzikin duniya ya tsuke da kimanin kashi 3 cikin 100, sannan a 2021 ya bunƙasa da kimanin kashi 6, bisa alƙaluman Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ɗauka cewa tun da kasuwanni sun buɗe, haɗarin bayar da bashi ya ragu. Abin da ya biyo baya ya nuna akasin haka, domin kamfanoni da gwamnatoci da dama sun tsallake annobar, sai suka durƙushe a lokacin murmurewa.

A tsakiyar annobar, manyan bankunan ƙasashe masu arziki sun sauke kuɗin ruwa kusan zuwa sifili, gwamnatoci kuma suka tsaya wa kamfanoni wajen cin bashi da biyan albashi. Da farashin kaya ya tashi, musamman bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a Fabrairun 2022, sai aka janye tallafin. Babban Bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a Maris na 2022, zuwa Yulin 2023 ya kai shi tsakanin kashi 5.25 da 5.5. Duk wanda ya ci bashi da araha, ranar sabunta shi sai ya tarar da sabon farashi.

A Ingila da Wales, kamfanoni fiye da 25,000 ne suka karye a 2023, adadi mafi yawa tun 1993. A Maris na wannan shekarar bankin Silicon Valley na Amurka ya rushe, hukumomin Suwizalan kuma suka sa bankin UBS ya saye Credit Suisse. A Janairun 2024 wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe kamfanin gine-gine na Evergrande na ƙasar Sin, wanda bashin da ke kansa ya kai kimanin dala biliyan 300.

Ƙasashe masu tasowa sun fi jin jiki, saboda da dala suke cin bashi alhali da kuɗin gida suke karɓar haraji. Zambiya ta kasa biyan masu binta a Nuwamban 2020, Siri Lanka da Gana suka biyo baya a 2022, Habasha kuma a Disamban 2023. A Gana, sauya sharuɗɗan bashin cikin gida ya jawo wa bankuna asara, kuma bankin da ya yi asara yakan matse hannu ga 'yan kasuwa.

Ƙofar rance ta sake buɗewa Afirka a 2024, amma da tsada. Kwaddibuwa ta karɓi dala biliyan 2.6 a Janairu, Kenya ta karɓi biliyan 1.5 a Fabrairu kan riba sama da kashi 10, Najeriya kuma ta karɓi biliyan 2.2 a Disamba kan kashi 9.625 da 10.375. Wannan farashi shi ne ma'aunin da ake ɗora wa bankuna da kamfanonin kowace ƙasa, domin da wuya kamfani ya samu rance da araha fiye da gwamnatinsa.

Ga ɗan kasuwar da ke sayar da kaya bashi zuwa ƙetare, haɗarin bai tsaya ga talaucin mai saye ba. Mai saye yana iya kasancewa da kuɗi a hannu, ƙasarsa ta rasa dalar da za ta canza masa, kamar yadda kuɗaɗen kamfanonin jiragen sama suka maƙale a Najeriya har Emirates ya dakatar da zirga-zirga a 2022, bai dawo ba sai Oktoban 2024. Haka kuma darajar kuɗi tana iya faɗuwa tsakanin ranar ƙulla ciniki da ranar biya, kamar yadda masu shigo da kaya suka gani bayan sakin naira ga kasuwa a Yunin 2023.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka babu mai cewa a daina ciniki da shi. Abin lura shi ne bunƙasar tattalin arzikin ƙasa ba shaida ba ce cewa abokin ciniki zai biya. Kafin a saki kaya, ya kamata a san lokacin da manyan basussukan mai saye za su nuna, da irin kuɗin da ya ci su, da kuma ko babban bankin ƙasarsa yana sakin dala a kan kari. Inda amsar ba ta gamsar ba, takardar tabbacin biya daga amintaccen banki, ko inshorar bashin ciniki, ko karɓar wani kaso tun farko, sun fi kyakkyawan zato amfani. Babban Bankin Amurka ya fara rage kuɗin ruwa a Satumban 2024, amma basussukan da aka ƙulla da tsada za su ci gaba da cin kuɗin masu su har ranar da wa'adinsu ya cika.