Wa zai riƙe tukunyar ma'aikata? Abin dubawa kafin a ba da kwangilar abinci a Anu Araren

Masu sauraronmu na ƙauyukan Cirozerin da ƴan uwa da ke karanta mu daga Libiya, Aljeriya, Najeriya da sauran wurare, sharhinmu na yau a kan tukunya yake. Mun san wani zai ce, ana maganar yuraniyom da gawayin ƙasa, mi ya kawo zancen girki? To ai duk inda aka tara ɗaruruwan ma'aikata a cikin daji, sai an ci safe, an ci rana, an ci dare, kuma wani ne ake ba kwangilar ciyar da su. Wanda aka zaɓa ɗin, shi ne zai yanke ko kuɗin cefanen nan za su tsaya a garaken Abzin ko za su bi hanyar Tawa su wuce.

Mu fara da gida. Kamfanin SONICHAR an kafa shi a 1975, tashar lantarkinsa ta Anu Araren kuma ta soma aiki a 1981, tana da injuna biyu, kowane mai ƙarfin megawat 18,8. Daga nan wuta take zuwa ma'adinan Arlit, daga nan garuruwan Agadez, Arlit da Cirozerin suke samun haske ta hannun NIGELEC. Tashar wuta ba ta barci, saboda haka ma'aikata kamɓa-kamɓa suke yi dare da rana. Mutumin da ya kama aikin dare a gaban tukunyar tururi ba zai bar wurin ya tafi gida cin tuwo ba. In abincin da aka kawo masa ya ɓata masa ciki, matsalar ta wuce shi kaɗai, ta shafi aikin da dubban gidaje suka dogara da shi.

Dalilin da ya sa muka ɗauko zancen yanzu shi ne sauyin da ake gani a fannin ma'adinai na jaharmu. COMINAK ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021. A watan Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa, a watan Yunin 2025 kuma ta mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa. A gefe guda ana ci gaba da aikin buɗe ma'adinin Dasa, tsakanin Agadez da Arlit. Duk lokacin da mai gida ya canza ko aka buɗe sabon sansani, ana sake duba kwangiloli: gadi, sufuri, wanki, girki. Hukumomi kuma suna ta nanata cewa a fifita ƴan ƙasa. Magana ce mai daɗin ji, amma sai an duba yadda za ta sauka cikin kwano.

Abin da aka saba a wajen ba da kwangila shi ne a buɗe takardun masu nema, a ga wanda ya faɗi farashi mafi sauƙi a kan kowane kwano, a ba shi. A ganinmu nan ne kuskure yake farawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ɗan kwangilar da ya karya farashi don ya ci gasa, dole ya nemi inda zai maido da kuɗinsa, kuma wurare uku ne ya fi taɓawa: ya rage nama da kayan miya, ya sayo tsohon kaya mai arha, ko ya danne albashin masu dafawa. Kowane daga cikin ukun, talaka ne yake biya.

Tambaya ta farko da ta kamata a yi wa mai neman kwangila ita ce: ina za ka sayi kaya? Jaharmu ba fako ba ce kamar yadda wasu suke zato. Albasar Tabelot da ta sauran kwaruruwan Abzin tana fita har ƙasashen bakin teku. Dankalin turawa, wanda muke kira kwambitar, da tafarnuwa suna saukowa daga Bagzan. Timiya na ba da lemu da rumman. Makiyayan Irhazer da Tamesna suna da awaki, tumaki, raƙuma da cuku. Garaken Cirozerin ma ga su nan kusa da ƙofar kamfani. Shinkafa, mai da sukari kam dole a kawo su daga nesa, amma babu hujjar a ɗauko albasa ko tumatir daga Yamai, a yi tafiyar kusan kilomita 1000 da su, alhali mai garka yana neman wanda zai saya.

Abin da ya faru tun 2023 ya ƙara wa wannan magana ƙarfi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi, iyakar Benin ta rufe, kayan da ke zuwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Kowa ya ji a aljihunsa yadda buhun shinkafa ya hau. Ga hanyar Tawa zuwa Agadez zuwa Arlit, wadda direbobi suka san yadda take cin taya da kwanaki. Ɗan kwangilar da duk kayansa daga nesa suke zuwa, mota ɗaya ta lalace a hanya sai tukunya ta tsaya. Wanda ya ƙulla da ƙungiyoyin masu garake na kusa, ko hanya ta yanke yana da abin sa wa a miya.

Sai dai mu faɗi gaskiya ko da a kanmu take. Zama ɗan gari kaɗai bai isa ya sa a ba mutum ciyar da ma'aikata ba. Mai garka na iya kawo buhu goma yau, mako mai zuwa ya ce rijiya ta ja baya ko injin ban ruwa ya mutu. Kamfani kuwa kullum yake son kaya, da awo iri ɗaya. Akwai kuma abin da muka fi tsoro: a rubuta sunan ɗan gari a takarda, alhali kuɗin da ribar na wani babba ne da ke zaune a birni. In haka ta faru, an fifita ɗan ƙasa a baki, amma mai albasa bai ga ko dala ba.

Tambaya ta biyu ita ce tsabta da sanyi. A watan Afrilu da Mayu zafi a nan yana wuce digiri 40. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin firijo ba. Ke nan kafin a sa hannu, sai a je a gani da ido: akwai ɗakin sanyi mai aiki? Motar da ke ɗauko nama tana da sanyi? Ma'aikacin dabbobi ya duba naman kafin a yanka da bayan an yanka? Da wane ruwa ake girki da wanke kwanuka? Masu dafawa suna zuwa likita a duba lafiyarsu? Takardar da aka cika a ofis ba ta amsa waɗannan, sai an shiga madafa.

Tambaya ta uku ta shafi masu dafawar su kansu. Ranar da COMINAK ta rufe, ma'aikatanta kimanin 600 sun samu kuɗin sallama, amma ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila sun yi ta kuka cewa ba a yi musu daidai da na sauran ba. Kuku, mai wanke-wanke da mai shara galibi cikin wannan rukuni suke. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Ya kamata kwangila ta faɗa ƙarara cewa ba za a biya ƙasa da haka ba, za a yi wa kowa rajista a CNSS, kuma in kwangilar ta koma hannun wani, ba za a watsar da tsofaffin ma'aikata haka kawai ba.

Shi ma kamfanin da ke ba da kwangila yana da nasa nauyi. In ya haɗa komi a dunƙule ɗaya, shinkafa da nama da burodi da kayan miya, ya kuma nemi garantin banki mai yawa, to ya rufe ƙofa ga ƙananan ƴan kasuwa tun kafin a fara. In ya kasa shi kashi-kashi, ƙungiyar mata za ta iya ɗaukar burodi, mahauta su ɗauki nama, masu garake su ɗauki kayan miya. Haka zancen biya. Babban ɗan kasuwa zai iya jiran wata biyu ko uku kafin kuɗinsa su fito, mai garka kuwa yana bukatar na man inji da na iri a makon nan. Jinkirin biya shi kaɗai ya isa ya kori ƴan gari daga harkar.

Akwai ma batun makamashi. A wurin da ake haƙo gawayin ƙasa, har ana sarrafa shi don girki, bai dace babbar madafa ta riƙa cin itacen da ake sarowa daga kwaruruwanmu ba. Wannan ma layi ɗaya ne da za a iya sa wa cikin sharuɗɗa.

Daga ƙarshe, masu ci su ma a ji ta bakinsu. Wakilan ma'aikata su zauna cikin kwamitin zaɓe, su ɗanɗana, su kuma samu damar kai ƙara in abinci ya lalace, ba sai shekara ta zagayo ba. Hukumar gari ta nemi a bayyana kashi nawa na cefane aka saya a cikin gundumar, a faɗe shi a fili kowane wata uku ko shida, don kowa ya iya auna alkawari da aiki.

Mu kuma namu aikin shi ne shiri. Ƙungiyoyin masu garake su yi rajista, su nemi lambar haraji, su buɗe asusu, su tsara wa zai shuka mi da kuma yaushe, yadda kaya ba za su yanke ba. Ƴan uwa na waje da ke aiko da kuɗi gida, ga wurin sa jari: ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, ko mota ɗaya da za ta riƙa kwaso kaya daga garake. Ranar da aka kira masu neman kwangila, wanda takardunsa da kayansa suke a shirye shi za a saurara.

Za mu ci gaba da wannan magana a shirinmu na kiran waya. Masu garake, mahauta, masu girki da ma'aikata, muna son jin abin da kuka gani da idonku.