Mai Zura Mana Igiya a Rijiya, Mu Dubi Hannunsa

Tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Da yawanmu mun yi wannan tsallen ne ranar da aka shigo ɗakin malamai da taswira mai launi, aka nuna mana fulotai a bayan Rido, aka ce za a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi. Mun sa hannu, domin babu malamin da ba ya fatan rabuwa da sallamar mai gidan haya. Sai aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da muke kira kaɗan ya zama kuɗin masarar gida. Yau muna neman fita, kamfani kuwa yana nuna mana layin da ba mu karanta ba: wanda ya janye za a zaftare masa kaso, ragowar kuma sai an sami wani mai saye.

A nan ne masu ceto suka ɓullo. "Malam, kawo kuɗin buɗe fayil da na zirga-zirga, cikin wata guda kuɗinka su dawo." Sana'ar ba a nan aka fara ta ba. A Amurka, inda mutane kan sayi haƙƙin kwana mako guda duk shekara a gidan shaƙatawa, su kasa rabuwa da kuɗin gyaran da ke biyo baya, hukumar FTC ta sha jan kunne kan kamfanonin da ke karɓar lada tun kafin aiki, sannan su yi ɓatan dabo.

Ra'ayinmu shi ne, ɗan tsakani ba shi da wani iko a kan kamfani wanda mai yarjejeniya ba shi da shi. Kuɗin fayil ma ƙaramar asara ce. Babbar ita ce ya karɓe rasit na asali da takardar rabon fili, wai zai kai ofis, domin daga ranar hujjarmu ta koma aljihun wani. Akwai kuma mai cewa a daina biya kawai, alhali wata yarjejeniyar ta ba kamfani damar ƙwace filin idan biya ya tsaya. Mu da muke hana ɗalibi amsa tambayar da bai karanta ba, abin da ɗan kunya.

Hanyar gaskiya tana da jinkiri, amma a buɗe take. A rubuta wa kamfani takardar janyewa, a riƙe kwafin da suka buga wa hatimi. A je KADGIS a bincika ko shimfiɗar filin tana da amincewar gwamnati, tunda dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta danƙa ƙasa. Idan an ƙi saurare, hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafin masu saye. Lauya na gaske kuwa yana da ofis, kuma zai rubuta ladansa a takarda.

Muna roƙon shugabannin reshe su tattara sunayen waɗanda abin ya shafa a taro mai zuwa, a ɗauki lauya ɗaya da sunan ƙungiya. Kowa ya zo da hoton takardunsa, na asalin kuma ya bar su a akwati.